Sunan da Ban Taɓa Kiranka da Shi Ba

Zuwa ga Yaya, mijina,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka amsa ba, na kuma san babu mai kai maka wannan takarda inda kake. Zan rubuta duk da haka, don tun da aka fita da kai ban samu wanda zan yi wa doguwar magana ba.

Ina nan ɗakinmu na unguwar Dengfeng a Guangzhou, ƙasar Sin, ina takaba. Liman ya ce in zauna inda rasuwar ta same ni har izinin zamana ya ƙare, in ƙarasa sauran a Kano. Ummanka tana kira in ta idar da asuba, nan kuwa rana ta take. Ba ta kuka. Tambayata take yi ko akwai inuwa a wajen kabarinka, ni kuma ban taɓa ganin kabarin ba. Sani ƙaninka ya karɓi harkar kaya. Kwantenar da kake lodi a unguwar Sanyuanli ranar da ka faɗi ta isa Legas lafiya. Laoban, Basinen nan mai sito, ya aiko da kwalin lemo, yana nan ya fara ruɓewa.

Ban daina karatun ba. Kai ka sa ni a kwalejin nan ta intanet, ka ce littattafan soyayya sun cinye min ido, gara in karanta abin da zai ba ni takarda. Ka tuna dariyar da ka yi da na zaɓi Sifaniyanci? Ka ce mutum yana tsakiyar Sin, bai iya tambayar hanyar tasha ba, ya tafi koyon yaren da babu mai ji a unguwa. Ni dai a kunnena ya yi min kama da yaren masoya. Yanzu an ce mu rubuta da Sifaniyancin yadda gidanmu yake a da. Ban rubuta ba.

A ilimin halayyar ɗan Adam akwai babi kan baƙin ciki, an jera shi mataki-mataki. Na ci jarrabawarsa tun kana raye. Na koma na sake karantawa, ban ga matakin da mace ke jin ƙarar makulli a ƙofar maƙwabci ta miƙe tana gyara ɗankwali ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar darasin jawabi ce.

Ka san aikin ƙarshe: a tsaya gaban mutum biyar, a ɗauka a bidiyo, a yi jawabin yabon wani da ka sani da Turanci. Na zaɓe ka. Da na tura gwaji, malamar ta rubuto cewa na yi ta cewa mijina, mijina, ba wanda ya san ko wane ne. Ta ce dole in buɗe da cikakken sunanka, in ba haka ba ba zan ci ba. Ka yi dariya har ka riƙe ciki. Ka ce in faɗa mana, nan Guangzhou ne, babu 'yan Fagge a bayan labule. Ka zauna bakin gado ka naɗe hannu kana jira. Na buɗe baki, na rufe, na gudu kicin. Abin mamaki, a darasin zamantakewa na rubuta shafi biyu kan dalilin da ya sa Bahaushiya ba ta kiran sunan miji, aka ba ni maki mai kyau. 'Yan matan cikin littattafaina ba sunan da ba sa raɗa wa mazansu. Ni ina karantawa ina murmushi, in ka shigo in ce sannu da zuwa Yaya.

Na sanar da malamar rasuwarka. Ta yi min ta'aziyya, ta ce in sauya wanda zan yaba in na ga dama. Na ƙi. Wa zan yaba?

Hajiya Zinaru, 'yar Maraɗin nan mai tuwo a unguwar Xiaobei, ita ta taro min mata huɗu cikin masu zuwa sarin kaya. Suka zauna a tabarma da carbi a hannu kamar zaman makoki. Na jingina waya a kan tukunyar shinkafa. Ba kwalli, ba turare, da hijabin da nake kwana da shi. Ƙa'ida ta ce a dubi masu sauraro cikin ido, na dube su.

Na faɗa, Yaya. Sunanka da na mahaifinka, da ƙarfi, kamar yadda aka koya mana.

Yawancinsu ba sa jin Turanci, amma suna ba ya bukatar fassara. Ɗaya ta yi salati. Hajiya Zinaru ta sunkuyar da kai, ba ta sake ɗagowa ba har na gama. Na ba da labarin yadda kake cire min ƙayar kifi, da yadda ka bi kasuwa da hoton daddawa a waya kana nuna wa Sinawa suna ce maka babu. Ba wadda ta tafa. Da za su tafi, Hajiya ta riƙe hannuna ta ce zafin rashi ne, ba za su kai maganar gida ba.

Ba abin da za a ce a gida ne ya dame ni ba. Me ya sa na iya a gaban baƙi da waya, na kasa a gabanka? Ka roƙe ni da wasa, ko da gaske kake so ka ji? Ban tambaye ka ba. Na ɗauka muna da lokaci, sai mun tsufa kunyar ta saki.

Sakamako ya fito shekaranjiya. Na ci. A ƙasa malamar ta rubuta cewa komai ya yi, sai dai muryata ta yi rawa a wajen sunan, in riƙa maimaita shi har bakina ya saba.

Ba zan maimaita ba. Kiran mutum ake yi don ya waiwayo.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya sa ka huta.

Matarka har yanzu,
Nafisa