Baba ya daina cin abinci saboda jakar da aka sa masa a ciki

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Hajiya mai kula da zaure, ki rufa min asiri ki ɓoye sunana, 'yan garinmu suna da yawa a nan. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya ɗau zafi, ko miya na ɗora sai an fara ci nake tuna ban sa gishiri ba.

Ina aure a Bagudo, iyayena suna Illo, ni ce babba a gidanmu. Mahaifina shi ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Bara ya fara ganin jini a bayan gida, kowa ya ce basir ne, ba jiƙon da bai sha ba, har na tsallaken iyaka, Jamhuriyar Benin, ƙanensa Bappa ya yi ta kawo masa, da yake shi fataucin shinkafa yake yi tsakanin nan da can. Da na ga mutum yana ƙarewa a tsaye na ce a'a, na ɗauke shi muka tafi babban asibiti a birni. Gwaji ya nuna ciwon daji ne a ƙarshen hanji, can ƙasa kusa da dubura.

Likitan, Allah ya saka masa, ya zaunar da ni ya yi min bayani dalla-dalla. Ya ce za su yanke wurin ciwon su haɗa hanjin su ɗinke, amma ɗinkin da ke can ƙasa shi ne abin tsoro, in ƙazanta ta bi ta kansa tun bai warke ba yana iya yoyo a cikin ciki, ciki ya ruɓe, a rasa mutum. Saboda haka za su fito da hanji ta gefen ciki su manna jaka, bayan gida ya riƙa zuba a ciki na wani lokaci, ɗinkin ya huta. Ya ce kamar sabon faci ne a kwalekwale, ba a tura shi ruwa sai ya kama. In ya warke za su yi hoto su tabbatar babu yoyo, sannan su mayar da hanjin su rufe.

Baba ya ƙi da farko. Ni na shawo kansa, kuma da labarin mahaifinsa na shawo shi. Kakanmu a shekarun samun 'yancin kai aka yi masa aikin hanji, Baba yana yaro. An kai shi a jirgin ruwa, daga nan aka hau mota zuwa asibiti, aka yi aiki aka ce an dace, kwana kaɗan ciki ya kumbura, ashe ɗinki ne ya saki daga ciki. Can aka binne shi. Tun muna yara muke jin labarin nan. Na ce Baba abin da ya ɗauke mahaifinka ke nan, yau ga shi Allah ya kawo dabararsa. Nan ne ya ce to.

Aiki ya yi kyau alhamdulillahi, muka dawo gida, Inna ta koyi canja jakar, har ya koma jan salla. Hukuncin tsarkin mai lalura kuwa ba wanda zai koya masa, shi yake karantar da shi. To wata rana a sallar azahar, an yi sujada masallaci ya yi tsit, jakar ta yi ƙara. Ita ba ta da lokaci, kuma ba a iya riƙe ta. Ba wanda ya ce masa uffan, amma kun san mutanenmu, kafin la'asar magana ta kai bakin kasuwa. Tun ranar ya ba na'ibinsa limanci ya koma ƙarshen sahu kusa da ƙofa.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Ashe ya daina ci ya daina sha daga asuba har a idar da isha, wai don kada jakar ta motsa yana cikin jama'a, ko da dare ma loma kaɗan yake yi. Ni ina can Bagudo ina ta aiko da farfesun kifi da fura ina jin daɗi, ashe maƙwabta nake ciyarwa! Inna ta sani ta ɓoye min, wai ya hana ta faɗa. Sai da muka koma asibiti likita ya ɗora shi a sikeli, ya juyo ya dube ni kamar ni na hana shi. Ya ce ya rame, jininsa ya yi ƙasa, ƙoda ta fara nuna rashin ruwa, kuma ɗinkin ciki bai gama kamawa ba, ba zai taɓa shi ba sai ya ci ya yi ƙwari. Kun ga inda muke. Ba zai ci ba sai an cire jaka, ba za a cire jaka ba sai ya ci. Haba jama'a!

Ana cikin haka Bappa ya zo da nasa. Wai ya samo wani asibitin kuɗi a cikin Benin, an ce masa a kawo tsohon a rufe, ba wani hoto ba wani jira. Na kira likitanmu, ya ce rufewa ba wuya, kowa zai iya, amma in aka sake wa ɗanyen ɗinki hanya, abin da muka gudu shi zai same mu. Da na faɗa wa Bappa sai ya hau ni da faɗa, wai ni na kai yayansa aka huda shi kamar salka, na zubar masa da girma a gari, wai tun yaushe mace ke yanke magana a gidan nan. Ni ma raina ya ɓaci, na tambaye shi ina jiƙonsa ya kai mu. Yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa. Inna kuwa ban da kuka ba abin da take yi.

Na nemi izinin maigidana na dawo Illo. Jiya da hantsi na durƙusa gaban Baba na sake ɗauko masa zancen Kaka, ina ganin abin da ya yi aiki da farko zai sake yi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, ke kika kai ni aka buɗe, ba ni tahiya a ruhe sai kin ce to. Amma ba ni ƙara cin abincin rana da abin ga a jikina. Mahaifina da kike ta faɗi, da tsarkinshi ya tahi."

Na fito na zauna bayan ɗaki na yi kuka mai isata, kuma har da haushinsa nake ji, Allah ya yafe min. Mutumin da ya koya wa gari duka cewa Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba, shi ne yau ya ƙi yi wa kansa sauƙi.

Ranar kasuwa mai zuwa Bappa zai ƙetara, ya ce ya kama wa Baba wuri a jirgin ruwa. In na ce to, ina tsoron da bakina na tura shi inda Kaka ya tafi. In na ce a'a, ina kallo yunwa za ta cinye shi a gabana. Don Allah in akwai wanda ya taɓa zama da jakar nan har aka rufe lafiya, musamman dattijo mai zuwa jam'i, ya yi magana, ko muryarsa ce in kunna masa ya ji. Likitoci da malaman da ke zauren nan, kada ku ce in yi masa wa'azi, ya fi ni sanin ayar. Yanzu haka da nake rubutun nan tuwon da na kai masa tun azahar yana bakin ƙofarsa a rufe. Me zan faɗa masa ya buɗe kwanon nan?