Wanda Za a Kira

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki? Ya Baba da su autanmu?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Allurar mara lafiya ce ta soke ni a wurin aiki, amma an gwada jinina, babu komai. Jami'an duba asibitoci sun zauna da shugabanninmu, yanzu kowane gado da akwatin zubar da allura a gefensa. Sun kuma ce kowa ya rubuta ɗan'uwan da zai iya zuwa cikin awa ɗaya idan wani abu ya same shi. Kowa ya miƙa takardarsa, ni ina ta juya biro. Daga ƙarshe sunanki na rubuta, ko da yake kin yi nisa.

Idan sun kira, Inna, ki ce musu kina hanya.

'Yarki