Bangon da Kawu Labaran Ya Cike

Tungan Maje, ranar Litinin

Yaya Hajjo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara, kuma ƙafar Inna da sauƙi.

Yaya, na jawo wa kaina. Ranar Alhamis mai duba makarantu zai zo ya ga ɗakin kimiyyarmu. In bai sa hannu ba, ɗalibanmu ba za su rubuta jarrabawa a nan ba, kuma Madam Felicity mai makarantar ta ce in nemi wani aikin.

Ni na kawo Kawu Labaran ya zana mana jadawalin sinadarai a bango, don kin san kyan hannunsa. Na ba shi takarda ranar Juma'a na tafi. Yau na tarar ya ga fili a tsakiyar layukan sama, ya ce asarar bango ce, ya matso da komai ya cike.

Na durƙusa na yi masa bayani. Kowane sinadari ilektiron ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke zagaya tsakiyarsa, ke ba shi mazauni: yawan zagayensu ke nuna layin da zai zauna, waɗanda ke zagayen waje su nuna sahunsa. In aka gusar da gida ɗaya, bangon ya koma ƙarya. Ya ce shekara arba'in yana fenti ba a taɓa mayar masa da aiki ba, ya kwashe burushinsa ya tafi.

Mun kankare bangon. Tsoro nake ji, wallahi. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Rukayyat

Ranar Juma'a

Yaya Hajjo,

Ina gaishe ki da kyau, a gaishe min da Inna.

Ni da ɗalibai mun sake shafe bangon mun zana gidajen, amma kwana biyu ana ruwa, fenti ya ƙi bushewa. Da Mista Obadiah mai dubawar ya shigo, akwatuna ne kawai a bango, ko harafi babu. Ya daɗe yana kallo. Madam kuwa ni take kallo.

Bakina ya riga hankalina. Na ce ya faɗi kowace lamba cikin ashirin na farko, ɗalibaina za su nuna masa gidanta. Ya ce sha tara, ya miƙa alli ga Kindness, yarinyar da ko sunanta aka kira sai ta yi rawar murya.

Lambar sinadari ita ce yawan ilektiron ɗinsa, sai ta raba su zagaye-zagaye a allo, ta rubuta biyu, takwas, tara. Tarkon ke nan: a wannan matakin, in zagaye na uku ya kai takwas, na gaba sabon zagaye yake buɗewa. Ba halin in yi ko tari. Ta tsaya tana ƙirga yatsu har na ji kamar an shekara. Sai ta goge da tafin hannu, ta rubuta biyu, takwas, takwas, ɗaya. Ta sauka layi na huɗu, sahun farko, ta ɗora yatsa a ɗanyen fenti.

Ya gwada mutum uku bayanta, ya leƙa kwalaben gwaji, sannan ya sa hannu.

Da aka tashi Madam ta wuce ni ko sannu babu, ta dai ce Litinin in zo da wuri. Yaya, rabon da in ji magana mai daɗin wannan har na manta.

Allah Ya bar mu tare.

Taki,
Rukayyat