Ramin da ya ci ƙanena a gonarmu yake

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin a ɓoye sunana, jama'a don Allah ku ba ni shawara.

Ni manomi ne a wajen Gayam. Tunda daji ya lalace muka daina zuwa gonakinmu na ciki, sai ta bakin gari kawai, wadda Baba ya bar mana. Bara wasu mutane suka zo da mota suka ce akwai farin dutse a ƙarƙashinta, wai litiyam, da shi ake batirin sola da na motoci masu caji. Ni ne babba, ni na sa hannu na ba su hayar rabinta.

Ƙanena Sani ya shiga cikin masu haƙa. Da damina rami ya rufta da shi, kwana biyu muna tono kafin mu fito da shi. Ni na yi masa wanka, ƙasa har cikin kunnensa, ina cirewa da tsinke kamar mai gyaran rediyo. Ban yi kuka ba har yau. Mutane suna ta yabon tawakkalina, ni dai na san ba shi ba ne, kawai ba na jin komai. Bayan sadakar bakwai inji ya ci gaba da aiki.

Ruwan da suke wanke dutsen a rafi yake ƙarewa, yanzu ya koma kamar kunun kanwa. Jauro maƙwabcinmu ya same ni ya ce shanunsa uku sun yi ɓari, matan ruga kuma sai sun yi nisa kafin su sami na sha. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da cin tuwona.

Yanzu suna son sauran rabin. Inna ta ce in na sa hannu kada in tsaya a kan gawarta. Matar Sani kuma ta zo ta durƙusa, ta ce Yaya ka ba su, ƙasar ta riga ta mutu, marayu huɗu ba haƙuri za su ci ba. Samarin gari ma ido suka zuba min, ramin ne kaɗai aikinsu, in aka rufe wasunsu daji za su shiga, kowa ya sani.

Ranar Laraba za a kawo takarda. Jiya na je gonar na tsaya, dawar da na shuka a gefe duk farar ƙura ta rufe ganyenta, na daɗe ina kallo, ko ɗar ban ji ba. Wanda zuciyarsa ta daina yi masa magana da me zai yanke hukunci? In sa hannun ko in ƙi? Ku faɗa min, inda kuka fi yawa can zan bi.