Bayana Ya Gama Shan Ƙaho

Ibadan, ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Maniru, Danchadi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, kai da Inna da Safinatu. Ina labarin ban-ruwan albasa?

Saƙonka ya iso, wai in dawo gida wanzami ya ƙara sa min ƙaho. Yaya, ba ni zuwa. Shekara huɗu ana tsaga min baya a Bodinga saboda ciwon nan, ina sauƙin da anka samu?

Masu cewa ragwanci ne tunda hoton asibiti bai nuna komai ba, ka shaida musu likita ta ce ciwo kan zauna ko bayan rauni ya warke. Ba ƙarya nake ba. Duk Talata ina zuwa sashen gashin ƙashi, suna koya min motsa jiki da yadda zan ɗaga buhu a wurin aiki. Maganinsu kaɗai nake sha, na bar na 'yan talla.

Ina nan lafiya. Wata rana dai a zaune nake sallah, amma kada Inna ta ji. Ka aiko min da tsofaffin takardun asibitin da ke cikin akwatina.

Allah ya bar zumunci. Wanzami kuwa ya nemi wani bayan, nawa ya ƙoshi.

Ƙanenka,
Lirwanu.