Zomonka ya miƙe, Baba yana kwance

Dakoro, ran Talata

Zuwa ga ƙanena Mudathir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Aziza, Ya kuma sa albarka a karatunka can Faransa. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, yayanmu Saminu ya gama ɗaurin gero. Sauran labarin babu daɗi. Na rubuta ne Saminu ya ɗauki hotonta ya tura maka, don a waya kai ne mai magana, ni ce mai cewa to.

Wata biyar ke nan da raƙumi ya harbi Baba a kasuwar Azagor, ƙashin ƙwaurinsa ya farfashe. Maɗorin ƙauyen Rumbu ya yi yadda suka gada: ya karya ƙafar kaza, ya ɗaure ta da karare kamar yadda ya ɗaure ta Baba, ya ce ranar da kazar ta taka shi ma zai taka. Kwana tara kazar ta mutu. Da muka kai shi asibitin Maraɗi, lokotoro, wato likita, ya nuna mini hoton ƙafar. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai giɓi yatsa huɗu, ga ciwo ya ruɓe. Ya ce a yanke ƙasan gwiwa tun da wuri.

Baba ya kusa yarda, sai ga kiranka. Ka yi ta ba shi labarin aikinku, wai wani abu mai danƙo kamar jiƙaƙƙen ƙaro kuke zubawa a gurbin ƙashi, sabon ƙashi ya bi cikinsa ya tsiro, shi kuma ya narke. Ka ce kun gwada a ƙafar zomo, har zomon ya miƙe yana tsalle. Na san don ka faranta masa rai ka faɗa. Amma kai da ka tashi a gidan nan, ba ka san yadda zai ɗauki maganar ba? A wurinsa ɗansa ya karya zomo da sunansa, kamar yadda maɗori ya karya kaza, kuma wannan karon dabbar ta taka. Washegari ya sa muka dawo da shi gida. Duk wanda ya zo dubiya, sai ya ce masa zomonsa ya warke, saura shi.

Na koma na tambayi lokotoro. Ya ce aikinku na kirki ne, amma da sauran shekaru kafin ya iso wurinmu, kuma ko yau aka kawo shi, ba a zuba shi a ciwo mai mugunya. Yanzu yatsun Baba sun yi baƙi. Inna sai ta turara ɗakin kafin baƙi su shiga. Na yi magana, Kawu Halidu ya yi, liman ya yi, Baba sai murmushi. Wallahi na gaji, Mudathir. Ƙafar na fid da rai da ita, ransa nake nema, kuma lokotoro ya ce in mako ya zagayo, yankan ma ba zai yi amfani ba.

Ka gaishe da Aziza. Inna, Saminu da Goggo Dela suna gaishe ku. Ka kira Baba yau, ka faɗa masa da bakinka cewa ba domin shi aka karya zomon nan ba. Zai ji zafinka, na sani. In ka kasa, to ka nemi izinin tahowa gida tun yanzu, don ba ni zan tsaya a gaban gawarsa ba.

Yayarka,
Lailatu