Furannin Honorabul da Taɓon Hanyarmu

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ashe da gaske ne. Bas bai zo ba. Mun tsaya a gindin mangwaro har rana ta ɗaga, ni da ƙawata Torika da sauran yara, sai ga Momo Sekove, wakilin gari, da lemarsa a hammata, ya ce mu watse. Gwamnati ta daina biyan kuɗin da take cika wa kamfanin bas a kan hanyarmu, su kuma sun ce ba za su kashe tayoyinsu a kan duwatsu a banza ba. Yanzu iyakar bas mararraba.

Torika ta yi tsalle, wai hutu ya samu. Ni ban ga abin murna ba. Shekarar jarrabawa fa.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Da ƙafa muka tafi har mararraba, inda za mu sami bas. Gari bai gama wayewa ba muka fito, cikin kayan gida, kayan makaranta a leda a bisa kai. Sai an ratsa dajin kamfanin katako, sannan a gangara kogi, inda ruwa ke bi ta kan gadar siminti. Yau iyakarsa gwiwa. A bayan makaranta akwai famfo, can muka wanke ƙafafu muka sake kaya a ɓoye kafin 'yan cikin gari su gan mu.

Na yi gyangyaɗi a darasin lissafi. Ban taɓa yi ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Wata motar katako ta rage gudu a gefenmu. Direban ya leƙo ya ce, "'Yan mata, ku hau mana, ni ma makarantar zan je, ban gama aji uku ba." Torika ta ce, "Ai fuskarka ta nuna." Ya yi dariya, amma bai wuce ba, ya daɗe yana binmu a hankali. Ni dai ƙasa nake kallo. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar injin.

Ban gaya wa Nana, mahaifiyata, ba. In ta ji, ta gama da maganar makarantata.

Talata, 11 ga Fabrairu

Wani yaro ya tambayi malamarmu, Madam Naicker, wa ya cire bas. Ta ce ta je ofishin kamfani, suka ce gwamnati ce. Ta je ofishin gunduma, suka ce daga majalisa abin ya zo. Sai ta ajiye alli ta ce, "Kuɗi ba ya da ƙafa, yara. In ya bar wuri, wasu ne suka ɗaga hannu suka ce ya bari."

Na so in tambaya su wa. Bakina ya ƙi buɗuwa, kamar kullum.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ruwa ya ɗauki Torika.

Tana raye, na gode wa Ubangiji. An kwana ana ruwa a kan duwatsu, kogi ya kai ƙugu, muka riƙe hannun juna muka shiga. A tsakiya santsi ya kwashe ta, hannunta ya zame daga nawa. Na ga ledarta tana tafiya, ita ban gan ta ba. Wani reshe ne ya tare ta can ƙasa, samari biyu suka jawo ta. Gwiwarta ta tsage. Da ta gama aman ruwa, abin da ta fara cewa shi ne, "Vase, littafin kimiyya ya riga ni zuwa teku." Tana dariya, haƙoranta na kaɗawa.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Baban Torika ya ce ta gama makaranta. Bayan coci Nana tana ɓare rogo ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "'Ya ɗaya na haifa, ba zan ba kogi ita ba. In bas bai dawo ba zuwa ƙarshen Maris, ki zauna mu riƙa kai gwaza kasuwa."

Na ce to. Me zan ce?

Laraba, 26 ga Fabrairu

Ni kaɗai ce mace babba a hanya yanzu.

Asabar, 1 ga Maris

Honorabul Apimeleki, ɗan majalisarmu, zai zo makarantarmu buɗe sabon tankin ruwa. Mahaifiyarsa 'yar garinmu ce, don haka namu ne, duk garin ƙuri'arsa muka jefa. An yi taro a zauren gari. Momo Sekove ya ce za a yi karo-karo a ɗauki hayar babbar mota ranar, ta kai yara makaranta fes, kada baƙo ya ga 'ya'yan dangin uwarsa kamar waɗanda aka tono daga gonar gwaza. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "To in ya gan su fes, me zai gyara?" Momo ya ce, "Bubu, roƙo yana da hanyarsa. Ba a tarbar baƙo da kuka. Za mu miƙa masa yangona, saiwar girmama manya, mu faɗa masa maganar bas cikin ladabi, ai ɗa ne, zai gane." Ta ce, "Tun yana yaro sai an ja kunnensa yake ganewa." Mata suka yi ta dariya a cikin zannuwansu.

Litinin, 3 ga Maris

Ni aka zaɓa in rataya masa sarƙar furanni. Momo ya ce wa Nana, "Vasemaca ce ta dace, ita ba ta da baki." Yabo ne, na sani. Tun da na ji na kasa cin abinci. Mutane nawa za su kalle ni?

Nana ta sa na gwada a kanta. A matso a sunkuye, a nemi gafara don hannu zai wuce saman kan babba, a ɗaura ta baya, a zauna ƙasa a tafa hannu, a ja da baya. Ba a cewa komai bayan haka.

Juma'a, 14 ga Maris

Zan rubuta duka, ko zuciyata za ta daina bugawa haka.

Motar ta zo. Amma kafin a ce yara su hau, an loda tabarmi, gwaza, aladen da aka gasa, matan mawaƙan coci, dattawa da saiwar yangonarsu. Aka cusa ƙananan yara a tsakani. Mu manya aka ce mu jira sawu na biyu. Duk mun sa kayan makaranta tun daga gida, tunda mota za mu shiga. Nawa Nana ta goge su har suna ƙamshin gawayi.

Mota ba ta dawo ba. Daga baya na ji direba ya ga ruwa na ƙaruwa ya ce shi ba zai sake tsallakawa ba. Samarin suka ce shi ke nan, suka tafi ƙwallo. Ni ga furanni a hannuna. Na tuna za a kira sunana a lasifika, shiru, kowa ya juyo yana kallon Nana. Wannan tsoron ya fi na kogi. Na sa furannin a leda, na ɗora a kai, na kama hanya.

Ban san yadda na tsallaka ba. Na san dai ruwan ya kai ƙirjina, na yi ta kiran sunan Yesu, kuma takalmina ɗaya ya tafi. A mararraba bas ya riga ya wuce, wani mai motar kayan lambu ya rage mini hanya a cikin kabeji.

Da na isa har an fara waƙa. Na nufi famfo, sai Madam Naicker ta riƙe hannuna. Ta dube ni daga sama har ƙasa, jan taɓo har wuya, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta ce, "An kira ki sau biyu." Na ce, "Madam, bari in wanke." Ta ce, "Babu lokaci, 'yata. Je ki haka." Ina jin akwai lokaci.

Zauren ya yi tsit. Ina tafiya a sunkuye, ina jin ruwa na ɗiga daga siket ɗina a kan tabarmar baƙi. Furannin kaɗai ne busassu. Na nemi gafara, na ɗaura, na zauna na tafa. Da zan ja da baya sai ya sunkuyo yana murmushi, ya ce, "'Yata, faɗuwa kika yi?" Lasifika na gabansa, kowa ya ji.

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Hanyar ce. Kullum haka muke zuwa, wankewa muke yi."

Da nan na tsaya, da sauƙi. Ban san daga ina sauran ya fito ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da aka cire kuɗin bas ɗinmu, kai ma ka ɗaga hannu?"

Wata ta ce "Wayyo" a baya. Ya gyara furannin a wuyansa. Ya ce al'amarin kasafi yana da faɗi, akwai matakai, gwamnati na sane. Ni ina zaune ina kallon gwiwoyinsa, don ban san an gama da ni ba. Na ɗauka amsar tana tafe. Sai da Momo Sekove ya yi gyaran murya mai ƙarfi na ja da baya.

Da dattawa suka miƙa yangona, Momo ya yi dogon jawabi, ya ce in wata rana idon ɗansu ya faɗa a kan hanyar kakanninsa, za su gode. Bai ambaci bas ba. Honorabul ya ba makaranta ƙwallaye.

Asabar, 15 ga Maris

Ban fita ba. Ina jin mata a wajen wanki, in sun zo daidai gidanmu sai murya ta sauka.

Lahadi, 16 ga Maris

Nana ta ɗauki saiwar yangona ta kai wa Momo Sekove ta ba da haƙuri a madadina. Na bi ta, na zauna a bakin ƙofa kaina ƙasa. Momo ya karɓa, ya ce, "Mun ce ba ta da baki, ashe tara shi take yi." Ba wanda ya yi dariya. Ya ce na zubar da mutuncin gari a gaban ɗan gari, yanzu ko kwalta aka yi niyyar zuba mana an fasa.

Muka kamo hanyar gida, ni da Nana. Sai da muka kai ƙofa ta ce, "Bai amsa ba, ko?" Na ce bai amsa ba. Ta ce, "Hm."

Laraba, 19 ga Maris

Na je gaida Torika. Ta sa na maimaita mata sau uku, tana kwaikwayon muryar Honorabul da tawul a wuya. Ta ce, "Ke da ko malami ya tambaye ki sunanki sai kin nemi shawara!" Babanta yana gyaran raga a waje. Bai kore ni ba.

Ina tsoron a kore ni daga makaranta. Madam ta ce ba a korar mutum don tambaya. Ban sani ba ko gaskiya ne.

Litinin, 31 ga Maris

Ƙarshen wata. Bas bai dawo ba, ba kuma labarinsa.

Jiya na jira Nana ta yi maganar kasuwa, ba ta yi ba. Yau da asuba na tarar da ita a tsaye a ƙofa da adda da fitila. Ta raka ni har kogi, ta shiga gaba, na riƙe zaninta. A ɗaya gaɓar ta ce, "Ki yi sauri, kada ki makara," ta juya.

Madam ta ce ranar Juma'a da yamma Honorabul zai shiga shirin rediyo da ake buga waya a yi tambaya. Ba ni ta gaya wa ba, ajin duka ta gaya wa. Ni ba zan iya ba, muryata rawa take yi, kuma duk ƙasar za ta ji. Na dai tambayi Torika ko wayar babanta na kamawa a kan tudun bayan coci. Ta ce tana kamawa.